Ekofisk da Forties: hanyoyi biyu na tatsar ragowar mai daga tsohon filin teku

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya bayan ya ji labarin cinikin da kamfanin Seplat na Najeriya ya ƙulla da babban kamfanin ExxonMobil na Amurka a kan tsofaffin rijiyoyin man da ke tekun Akwa Ibom. Tambayarsa ita ce: idan filin mai na cikin teku ya tsufa, wanne ya fi, babban kamfanin da ya haƙa shi tun farko ya zauna ya sake gina shi, ko kuwa ya sayar wa ƙaramin kamfani ya ci gaba da lallaɓawa? Malam, amsar da ta fi gamsar da ni tana Tekun Arewa, tsakanin Norway da Birtaniya, inda filaye biyu sa'annin juna, Ekofisk da Forties, kowanne ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan, kuma an yi shekarun da suka isa a ga inda kowace ta ɓulla.

Da farko ya kamata a san dalilin da ya sa ake samun ragowa. Ɗanyen mai yana maƙale ne a cikin ƙananan ƙofofin dutse, kuma abin da ke turo shi sama a shekarun farko shi ne matsin da ke cikin dutsen kansa. Da zarar matsin ya yi sanyi sai rijiya ta yi rauni, alhali mafi yawan man yana nan kwance. A matsakaicin lissafi na duniya, abin da ake iya fitarwa bai wuce kimanin kashi ɗaya bisa uku na abin da ke ƙasa ba, shi ya sa tsufan fili ba ya nufin ƙarewar mansa.

Ekofisk, wanda kamfanin Phillips Petroleum na Amurka ya gano a ɓangaren Norway a 1969 aka fara ɗibar mansa a 1971, yana kwance ne a cikin dutsen alli mai zurfin kimanin mita 3,000 a ƙarƙashin teku. Alli yana riƙe mai da yawa amma ba ya sakinsa cikin sauƙi, don haka hasashen farko shi ne kashi 17 zuwa 18 cikin 100 kawai za a iya fitarwa. Maganin da aka sani shi ne a ɗura ruwan teku cikin dutsen domin ya maido da matsi ya koro man, sai dai an yi ta fargabar cewa ruwan zai bi tsagogin allin ya wuce ya bar man a baya. Gwajin da aka yi a farkon shekarun 1980 ya nuna akasin haka, domin allin yana tsotse ruwan ne ya tofo man da ke cikinsa. Gwamnatin Norway ta sassauta sharuɗɗan haraji don aikin ya biya kansa, aka gina dandamali na musamman (ginin ƙarfe da ake kafawa a teku ana aiki a kansa), aka fara ɗura ruwa gadan-gadan a 1987.

Ana cikin wannan shiri wata matsala ta kunno kai. A 1984 aka lura cewa ƙasan tekun tana nitsewa tare da dandamalan da ke kanta, saboda allin da aka zuƙe wa mai yana murƙushewa a ƙarƙashin nauyin duwatsun da ke samansa, har igiyar ruwa ta fara zama barazana ga benayen da ma'aikata ke aiki a kai. A bazarar 1987 aka yi aikin da har yau injiniyoyi ke ba da labarinsa: aka jera manyan jak a gefen ƙafafun ƙarfen dandamalan, aka yanke ƙafafun, aka ɗaga benaye da dama a lokaci guda tsawon mita 6 ba tare da an raba gadojin da suka haɗa su ba, sannan aka cusa sababbin gaɓoɓin ƙarfe a giɓin aka ɗaure. Nitsewar ba ta tsaya ba, domin ruwan da ake ɗurawa ma yana ƙara tausasa allin (kodayake wannan murƙushewar ita kanta tana taimakawa wajen matso man waje), don haka a ƙarshe sai da aka gina sabuwar cibiya gaba ɗaya, Ekofisk II, wadda ta fara aiki a 1998, aka kuma ƙara Ekofisk ta Kudu a 2013. Sakamakon shi ne man da ake fitarwa ya sake tashi har ya kusa kamo na shekarun 1970, ana sa ran fitar da fiye da rabin abin da ke ƙasa, kuma lasisin ConocoPhillips, magajin Phillips, da abokan hulɗarsa ya kai har 2048.

Forties labarinsa daban ne. Kamfanin BP na Birtaniya ya gano shi a ɓangaren Birtaniya a 1970, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ƙaddamar da shi a 1975, kuma a ƙarshen shekarun 1970 yana ba da ganga kusan 500,000 a rana. Dutsensa na yashi ne mai sakin mai ba da gardama ba, an kuma fara tallafa masa da ruwa tun da wuri, saboda haka kafin 2003 an riga an kwashe kimanin ganga biliyan 2.5, abin da ke fitowa a rana ya sauko wajen ganga 40,000, kuma mafi yawan abin da rijiyoyin ke amayarwa ruwa ne. A wurin BP, mai manyan ayyuka a Angola da Azerbaijan da Mashigin Tekun Meziko, irin wannan fili bai cancanci a ɗaure masa ƙwararru da jari ba. Sai ya sayar da kaso 96 cikin 100 ga Apache na Amurka a kan kimanin dala miliyan 630, bisa lissafin cewa ganga miliyan 144 ne suka rage.

Apache bai sauya yadda dutsen ke ba da mai ba. Aikinsa ya fi kama da kalar gyaɗa bayan an gama cira, wato bin gona saƙo-saƙo ana tono abin da ya maƙale. Ya riƙa maimaita ɗaukar hoton ƙarƙashin ƙasa da amon sauti, yana gwama sabon hoto da tsoho domin ya ga inda ruwa ya share da inda ya tsallake, sannan ya karkata sababbin rijiyoyi daga ramukan tsofaffi zuwa waɗannan 'yan aljihunan da ruwa bai taɓa ba. Ya haƙa rijiyoyi fiye da 100 ta wannan hanya, ya zura famfunan lantarki a cikin ramuka, ya haɗa dandamalan da layin wuta guda domin a rage tsayawar aiki, ya kuma kafa ƙaramin dandamali kusa da Forties Alpha, ɗaya daga cikin tsofaffin dandamalan filin, a 2013 don ya samu ƙarin wuraren haƙa. Man ya haura ganga 60,000 a rana a wasu shekarun, aka cinye ganga miliyan 144 ɗin nan aka wuce, filin da ake shirin rufewa wajen 2012 ya ci gaba da aiki.

Idan aka jera su kafaɗa da kafaɗa, dutse ne ya fara yanke hukunci kafin girman kamfani. A Ekofisk fiye da kashi 80 cikin 100 na man ne ake shirin bari a ƙasa, ganimar da ta isa a kashe mata biliyoyin daloli a jira shekaru goma kafin a ga riba, kuma wannan sai mai dogon hannu. A Forties an riga an ci tsokar, abin da ya saura a warwatse yake, kuma ribarsa tana ga wanda zai yanke shawarar haƙa rijiya cikin makonni, ya yi ta da araha, ya jure idan wasu sun fito ruwa zalla. Da an kai Apache Ekofisk a 1984 da aikin ya fi ƙarfinsa, da BP ya riƙe Forties kuwa da wuya ya tsaya bin aljihu ɗaya-ɗaya.

Abu na biyu, wanda a ganina masu wannan muhawara suka fi yin sakaci da shi, shi ne gwamnati. Harajin mai a Norway kashi 78 ne cikin 100, mai nauyi ƙwarai, amma tun farkon shekarun 1990 yake a haka, ana kuma cire kuɗin da aka zuba a aiki kafin a lissafa shi, don haka kamfani yana iya tsara shekaru 20 gaba hankali kwance. Birtaniya kuwa ta ƙaƙaba harajin rarar riba na kashi 25 a 2022, ta mai da shi 35 a 2023, sannan 38 a 2024, idan aka haɗa da sauran harajin mai jimillar ta kai 78 daidai da ta Norway. Adadin ɗaya ne, amma na Birtaniya ya hau ne hawa uku cikin shekaru uku. A Nuwamban 2024 uwar kamfanin Apache ta sanar cewa za ta daina fitar da mai a Tekun Arewa kafin ƙarshen 2029, tana mai kafa hujja da harajin da kuma kuɗin da sababbin ƙa'idojin hayaƙi za su ci a tsofaffin dandamali.

Akwai kuma kuɗin rufewa. Yarjejeniyar ƙasashen yankin ta 1998 ta wajabta kwashe mafi yawan dandamalan da suka gama aiki, ban da toshe kowace rijiya da siminti, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tsawaita ran fili yana ɗage ranar biyan wannan kuɗi, wanda shi kansa riba ce, sai dai ba ya yafe shi, kuma ƙaramin kamfani ya fi babba haɗarin gazawa idan ranar ta zo.

Game da namu tekun, Malam, filayen da Seplat ya karɓa a Disamban 2024, bayan kusan shekaru uku ana jiran amincewar hukuma, sun fi kusa da Forties: ruwa marar zurfi, dutsen yashi, tsofaffin dandamali, da rijiyoyi da yawa da aka rufe ba don man ya ƙare ba. Abin da kamfanin ya fara mai da hankali a kai shi ne farfaɗo da waɗannan rijiyoyi, wanda ya fi haƙa sababbi araha nesa ba kusa ba. A irin wannan fili ina tare da masu cewa a sayar, da sharaɗi biyu. Kaso 40 cikin 100 ne Seplat ya saya, 60 na NNPC ne, don haka saurin aikin ya rataya ga yadda NNPC zai riƙa biyan nasa kason kuɗin a kan lokaci. Sannan Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta tanadi cewa kowane mai lasisi ya riƙa tara kuɗin rufe rijiyoyi a asusu na musamman, kuma aikin NUPRC, hukumar da ke sa ido a kan haƙar mai, ne ta tabbatar ana zuba kuɗin tun man yana gudana.