Hattara da Masu Tallan Tsohuwar Land Rover a Bauchi

Masu sha'awar tsofaffin Land Rover, a kula. Akwai masu ɗora hoton Land Rover samfurin Series III mai sheƙi a Facebook, su ce ta gwanjon gwamnati ce, su nemi kafin alƙalami wai don kada wani ya riga ka. Kada ka tura ko sisi kan motar da ba ka taɓa da hannunka ba.

Waɗanda suka fi ɓarna su ne waɗanda ke da motar a hannu da gaske, domin ita ce ke ruɗar ido. Bodinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa, amma shasi, wato ƙashin da ke ɗauke da motar, da bangon da ya raba injin da direba ƙarfe ne. Sai a cusa fila, wato ƙullin da masu gyaran bodi ke cike rami da shi, a ramukan da tsatsa ta ci, a shafe da baƙin fenti, a kira ta gyararriya. Alhali shasin nan shi ne motar.

Je da makanikenka, kada ka yarda da na dillali. Shiga ƙarƙashi da guduma da maganaɗisu. Ƙwanƙwasa ƙarfen da ya gitta a can baya, da hannuwan da ke riƙe bodi, da inda direba ke ajiye ƙafa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa a jikin shasi, fila ce.

Lambar shasi tana buge a mariƙin sifirin na gaba, ɓangaren dama. Dole ta zo ɗaya da ta ɗan farantin ƙarfen da ke manne a cikin mota da ta takardu. In ka ga sabuwar walda ko alamar goge a wurin, tashi ka tafi. Shekara ma ana ƙarya a kanta: daga 1971 zuwa 1985 aka ƙera Series III.

Sai dabarar da ta fi ciwo. Idan shaf ɗin tayar baya ya karye, sukan danna sandar nan mai rawayan kai da ke haɗa tayoyin gaba da injin, motar ta riƙa tafiya da su, mai saye bai sani ba sai ya kama hanyar Dass. Don ka gane, ja ɗaya sandar mai kai launin ja baya, ka mayar da ita gaba, rawayar za ta ɗago, motar ta koma dogaro da tayoyin baya kaɗai. Sa giya ka saki kuloci. In motar ta ƙi motsi, akwai karaya a baya, kuma kuɗin gyaran daga farashin za a cire.