Digirin jinya ko kwalejin nas: amsa ga Hajiya

Hajiya, kin ce yarinyarki ta gama sakandare a nan Bauchi kuma aikin jinya take so. Mahaifinta na cewa a kai ta kwalejin nas ta yi ta gama da wuri, ita kuwa ta kafe sai jami'a, shi ne kike tambaya wanne ya fi.

Abin da ya kamata ku fara sani a gidan shi ne lasisin ɗaya ne. Wadda ta fito daga jami'a da wadda ta fito daga kwaleji duk jarrabawa ɗaya suke zaunawa, ta Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, wadda aka kafa a 1979 bayan an haɗe hukumar nas-nas da ta ungozoma wuri guda. Wanda bai ci wannan jarrabawa ya zama RN ba, wato nas mai rajista, ko digiri nawa ya tara, doka ba ta yarda ya tsaya kan majinyaci da sunan nas ba. Ke nan bambancin yana wajen tsawon hanya, da irin horon, da kuma inda mutum zai iya kaiwa bayan ya shekara 20 yana aiki.

Asalin wannan rabuwa daɗaɗɗe ne. Aikin jinya na zamani a cikin asibiti aka haife shi. Makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860 ita ce tsarin da Turawa suka kawo mana: makaranta a harabar asibiti, ɗaliba na karatu tana kuma aikin dare da na rana a ɗakin majinyata. Amurkawa ne suka fara jan abin zuwa jami'a, a Minnesota a 1909, sannan Yale ta buɗe tata makarantar a 1923. A Najeriya sai 1965 Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya, kuma ba don yara 'yan sakandare ta buɗe shi ba. Waɗanda suka riga suka zama nas ake ɗauka, a horar da su su zama malamai a makarantun jinya da shugabanni a asibitoci. Jami'ar Ife ce ta fara ɗaukar ɗalibi kai tsaye daga sakandare a 1973. Mu nan Arewa abin ya iso daga baya, ta Zariya da Maiduguri da Kano, kuma sai a 2021 aka kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare. Shi ya sa mafi yawan manyan nas-nas da kike gani a asibitocin Bauchi da Gombe ta makarantar asibiti suka biyo. Ita kanta Ingila da ta kawo tsarin sai 2013 ta wajabta digiri ga sabon nas, don haka kada yarinyar ta ɗauka hanyar kwaleji abin kunya ce.

Wannan tarihi har yau yana nan a jikin kwasa-kwasan biyu. Digirin jinya na jami'a, wato BNSc, shekara 5 ne. Shekarar farko kimiyyar gama-gari ce, ta biyu sanin sassan jiki da yadda suke aiki da sinadaran cikinsa, sai a hankali a riƙa tura ɗalibi asibiti. Ana koyar da shi bincike da lissafin alƙaluman lafiya da shugabanci, ya kuma rubuta kundin kammala karatu, domin tun farko don samar da malamai da shugabanni aka gina shi. Galibi a shekara ta huɗu ake zama jarrabawar RN, a ta biyar kuma ta ungozoma. Kwaleji ta nata ɓangaren tun bayan watanni shida na farko, waɗanda ake kira PTS, inda ake tankaɗe da rairaya, take sa wa ɗaliba hula ta tura ta ɗakin majinyata. Kafin takwararta ta jami'a ta taɓa sirinji, ita ta gyara gado, ta auna hawan jini, ta wanke ciwo, ta kwana a kan mai naƙuda. A shekarar farko ta aiki za ki ga hannun 'yar kwaleji ya fi faɗawa. Amma a ganina wannan tazara ba ta daɗewa, shekara ɗaya ko biyu a asibiti mai cunkoso ta isa ta shafe ta, kuma masu cewa 'yan digiri ba su iya komai ba sai turanci suna ƙara wa miyar gishiri.

Sai dai a gaya wa mahaifin nata kwalejin ba yadda ya san ta take ba. Da shekara 3 ake yi a fito da RN kaɗai. Yanzu makarantun sun koma tsarin ND da HND ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha, wato NBTE, shekara 4 a jere, kuma ta JAMB ake shiga, da Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, daidai da mai neman jami'a. Kiredit biyar ɗin nan ma, har da Lissafi, babu mai tsallake su. Ribar sabon tsarin ita ce ana fita da RN da ƙarin wani lasisin, kamar na ungozoma ko na lafiyar al'umma.

Lissafin lokaci shi ne inda maganar mahaifin ke da ƙarfi. 'Yar jami'a bayan shekara 5 akwai shekarar sanin makamar aiki a asibiti, ana biyanta albashi, amma samun gurbin kansa wani aiki ne, sannan hidimar ƙasa. Shekara 7 ke nan idan komai ya tafi daidai, kuma a jami'ar gwamnati ba kullum yake tafiya daidai ba: yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Ga kuma gasa. Gurbin jinya a jami'a kaɗan ne, hukumar NMCN ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, makin da ake nema kuma yana bin bayan na likitanci. Yara da yawa sun zauna gida shekara biyu ko uku suna maimaita JAMB saboda shi, alhali da sun shiga kwalejin asibitin koyarwa na ATBU, ko ta jiha da ake kira Aliko Dangote, ko ta Gombe, da tuni sun yi nisa.

Inda yarinyar ke da gaskiya kuma shi ne ƙarshen hanya. A aikin gwamnati, matakin darakta na masu digiri ne. Mai son digiri na biyu da na uku, ko koyarwa a jami'a, galibi sai ta bi ta BNSc. Na san nas-nas da suka ƙware ƙwarai, wasu har da ƙarin horo a fannin ƙashi a Dala ko na ido a Kaduna, amma suka tsaya cak a matsayi ɗaya, ƙannen bayansu suka zo suka zama shugabanninsu. Su ne za ki gani yanzu da furfura suna komawa aji, wasu ta karatu daga nesa na ABU, wasu ta shiga aji biyu kai tsaye da takardar RN. Hanyar a buɗe take, sai dai yin ta da aure da goyo da aikin dare ba wasa ba ne, ke ma kin sani.

Da ni ce, makin JAMB zan bari ya raba gardamar. Idan ya kai ta samu gurbi a Azare ko wata jami'ar bana, kuma gida zai iya ɗaukar nauyinta shekara 5 ba tare da jiran albashinta ba, ta tafi, ba sai ta yi karatun sau biyu ba. Idan bai kai ba, kada a bar ta ta zauna jiran baɗi. Ta shiga kwaleji, a kuma yi yarjejeniya tun yanzu, har da wanda zai aure ta in ya fito, cewa za ta koma ta cike digirin da zarar ta kama aiki.

Kowacce kuka zaɓa, kafin a biya ko sisi, ku duba sunan makarantar a jerin waɗanda NMCN ta amince da su, musamman masu zaman kansu da ke ta ɓullowa yanzu. Bayan ta shiga kuma ku bi sawu ku tabbatar makarantar ta yi mata rajistar ɗalibta da hukumar an ba ta lamba, domin wadda ba ta da wannan lamba ba za a bar ta ta zauna jarrabawar RN ba.