Shagon tura fina-finai a Tudun Wadar Zariya da taskarsa ta barkwancin 'yan makaranta

A cikin layukan da ke bayan babban titin Tudun Wada, ba da nisa sosai da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello ba, akwai wani ƙaramin shagon tura fina-finai a waya da na daɗe ina hulɗa da shi, wanda nake ganin ya cancanci iyaye da matasa masu neman abin kallo mai tsafta su san da zamansa. A ido bai bambanta da takwarorinsa na Sabon Gari ko Samaru ba, domin tebur ne da kwamfutoci biyu, da bencin masu jira, da allon cajin waya a jikin bango, sai janareta a bakin ƙofa saboda ɗaukewar wuta. Abin da ya fifita shi a wurina shi ne wani rukuni da mai shagon ya ware a cikin kwamfutarsa, inda ya tara fina-finan barkwanci na rayuwar 'yan sakandare kaɗai, na Hausa da na Kudu da na ƙasashen waje da aka fassara, tsofaffi da sababbi.

Tsarin aikin ba shi da wahala. Mutum zai kawo waya ko memori ko filas, ya zaɓi abin da yake so, a tura masa a kan kuɗi kaɗan da ko ɗalibi ba zai gaza biya ba. Sai dai kafin mai shagon ya tura komai daga wannan rukuni, yakan tambayi wanda zai kalla, ko yara ne, ko 'yan mata ne, ko kuwa iyali ne gaba ɗaya a falo. Wannan tambaya ita ce darajar shagon, domin ta nuna cewa ya kalli kayan da yake sayarwa, ya san wanda uba zai iya kallo tare da 'yarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ya kuma san wanda bai dace a shigar da shi gida ba.

Ya shaida mini cewa fina-finan soyayya da na faɗa kasuwarsu ba ta daɗewa, da zarar sabo ya fito an manta da na jiya, amma na barkwancin makaranta kullum ana dawowa nemansu, har da waɗanda hotonsu ya dusashe saboda tsufa. Ban yi mamaki ba, musamman a gari irin Zariya. Kwalejin Barewa, wadda ta samo asali daga Kwalejin Katsina ta 1921, tana nan tun 1949. Ga Alhudahuda a cikin birni, ga Kufena a Wusasa, ga makarantar soja da aka kafa a 1954, ga jami'ar da ta fara aiki a 1962. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 kuwa ya kwashi yara masu ɗimbin yawa zuwa aji, kuma da dama daga cikinsu yanzu suna da jikoki. Saboda haka a gidaje da yawa na garin nan za a tarar da kaka da ɗa da jika duk sun taɓa sa yunifom, duk sun taɓa jin ƙararrawa ta kaɗa alhali suna kan hanya.

Fim ɗin da ya san aikinsa ba ya buƙatar ƙirƙirar wani abin dariya daga sama, domin makaranta ta riga ta tanadar masa. Akwai monita da ke rubuta sunayen masu surutu, ya tsallake sunan abokinsa. Akwai sajan da ke tsaye a bakin get da bulala yana jiran makararru. Akwai tsallen kwaɗo da kamun kunne da yankan ciyawa. Akwai tarar da ake ci wa wanda aka kama yana Hausa a aji, wadda ta sa yara da yawa suka gwammace su yi shiru har a tashi. Waɗanda suka yi makarantar kwana kuma ba sa manta gabza da miyar da ba ta da mai, da garin kwaki da ƙuli da ake ɓoyewa a ƙasan akwati, da siniyan da ke aiken juniya ɗebo ruwa da asuba, da yaron da ke leƙen hanya ranar ziyara har yamma. A lokacin da waɗannan abubuwa suke faruwa ba dariya suke bayarwa ba, wasu ma da hawaye aka sha su, amma idan shekaru suka shige sai zafin ya tafi ya bar labarin, kuma labarin ne mutum yake biya a tura masa.

Akwai kuma dalili na biyu da nake ganin ya fi na farko ƙarfi. Makaranta wuri ne mai hawa-hawa, daga shugaba zuwa malamai, daga firifet zuwa ɗan aji ɗaya, kowa yana da wanda yake tsoro. Barkwancin yana fitowa ne daga yadda ƙarami yake neman hanyar kuɓuta daga babba da wayo, kamar yadda Gizo yake yi a tatsuniya, wani lokaci ya ci nasara, wani lokaci wayon ya koma kansa. Mai kallo yana dariya hankali kwance saboda ya san iyakar abin da zai faru ita ce bulala ko a ce yaro ya zo da mahaifinsa, ba kisa ba ne, ba mutuwar aure ba ce.

Kayan rukunin ba su zama ɗaya ba wajen inganci. Na Amurka, inda irin wannan fim ya bunƙasa ƙwarai a shekarun 1980, suna cike da motar makaranta mai ruwan ɗorawa da bikin rawar kammala karatu da mu'amalar samari da 'yan mata wadda ta saɓa wa tarbiyyarmu, kuma na yaba da yadda mai shagon ya rage su zuwa 'yan kaɗan. Na Indiya da aka fassara da Hausa sun fi shiga rai, saboda tsoron jarrabawa da nauyin burin iyaye abubuwa ne da yaranmu suka sani. Na Hausa su ne aka fi nema, amma su ne mafi ƙaranci, domin tun da harkar fim ɗin bidiyo ta fara a Kano a 1990 hankalin masu shiryawa ya fi karkata ga soyayya da zaman aure. Wasu daga cikinsu ma suna da aibi biyu da ke damuna: a ɗauko magidanci mai gemu a sa masa gajeren wando a ce ɗan aji uku ne, sannan a mayar da malami wawan da kowa ke yi wa dariya. Yaron da ya saba ganin an wulakanta malami a waya zai yi wuya ya girmama shi a aji. Garin da jami'arsa take da dandalin wasan kwaikwayo tun tsakiyar shekarun 1970 bai kamata ya rasa matasan da za su gyara wannan ba.

Shagon kansa yana da nasa naƙasun. Bayan la'asar da lokacin hutun makarantu cunkoso yakan yi yawa, benci ɗaya ne tak, kuma mace ba ta da wurin da za ta zauna ta jira cikin natsuwa. Wasu tsofaffin fina-finan daga faifan CD aka kwafo su, sauti yana gaba hoto yana baya. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne haƙƙin masu shirya fim, waɗanda suke zuba dukiyarsu amma sau da yawa ba su samun ko kwabo daga turin da ake yi. Da na yi masa maganar, ya ce mini sababbin na Hausa yana karɓarsu ne da izini daga dillalai, wasu kuma masu su ne suka sake su kyauta a YouTube, amma bai iya ba ni gamsasshiyar amsa game da na waje ba. Saboda haka ni na taƙaita sayayyata ga waɗanda ya tabbatar mini da halaccinsu.

Wanda zai je, ya fi kyau ya je da hantsi kafin a tashi daga makaranta, ya riƙe memorin da babu muhimman takardu ko hotuna a ciki saboda ƙwayar cutar kwamfuta, ya kuma nemi a kunna masa 'yan mintuna na kowane fim ya duba hoto da sauti kafin ya biya.