29 mai amortisa ɗaya ko 27.5 mai biyu, ga nawa ra'ayin

Salamu alaikum ƙanena. Na ga hotunan kekunan biyu da ka saka kana tambayar wanne za ka saya, mai ƙafa inci 29 da amortisa (abin nan da ke lotsawa ya tare girgizar hanya) a gaba kaɗai, da ɗayan mai 27.5 da amortisa gaba da baya. Ɗauki mai 29 ɗin. Na faɗa maka tun da fari don kar ka ce na yi ta zagaye-zagaye, sauran bayani kuma ga shi nan in kana da haƙurin karatu.

Irin shi ne ke hannuna, kuma walla ban taɓa jin daɗin keke kamar shi ba. Akwai wata Lahadi bayan damina da muka tashi da sassafe mu tahi Madarunfa, muna wuce Jiratawa sai muka bar kwalta muka bi hanyar amalanken shanu ta cikin gonaki, ka san irin hanyar nan da za ka yi ta gudu a ƙasa mai tauri sai kawai ka faɗa yashi ba sallama. Abokan tahiyata masu ƙafa 26 duk inda yashi ya yi zurfi sai su sauka su tura, ni kuwa na rage giya, na koma da nauyina baya, keken ya yi ta ratsawa abinshi, har wani dattijo da ke ɗaurin gero ya miƙe tsaye yana kallo, ya ce yaro wanga keke naka inji gare shi? Na isa bakin tabki na sha shayi kafin su iso, kuma bayana bai yi ciwo ba.

Ba sihiri ba ne. Duba gefen tayar kowane keke za ka ga lambobi, su ne gaskiyar girman ƙafa a milimita: 26 ita ce 559, 27.5 ita ce 584, 29 kuma 622. Tsakanin naka biyun milimita 38 ne kacal, a ido ba wani abu ba ne amma a ƙasa ana jin shi. Babbar ƙafa ba ta faɗawa can cikin ƙaramin rami, ta bisa take bi, in ta ci karo da saiwar icce ko kunyar gona hawa take yi ba ta tokare ba, kuma in ta ɗauki gudu tana riƙe shi. Hanyoyinmu na jar ƙasa masu gargada, waɗanda ke kaɗa ma mutum haƙora, nan ne za ka gode mata. Illarta ta ɗan fi nauyi, tashin farko tana da nawa, kuma gajeren mutum wanda bai kai kamar mita 1,65 ba, zai iya jin keken ya yi mishi girma. Kai kuwa na san ka, ba gajere ba ne.

27.5 tana da saurin juyi a kwana da daɗin tsalle, na ba ta wannan. Wanda zai riƙa gangarowa daga duwatsu irin na Damagaram ko Agadas ya ji daɗinta, amma mu nan ina dutsen yake? Kuma ni dai a yawon da nake yi cikin kasuwa tayarta ta fi wuyar samu. 26 ko'ina akwai, ita kuma 29 girman ƙarfenta ɗaya ne da na kekunan tsere masu taya 700, dukkansu 622 ne, don haka in ka matsu kuma ƙarfen ƙafarka ba mai faɗi sosai ba ne, taya 700 mai ɗan kauri za ta fisshe ka kafin ka samu ta gaske daga Katsina ko Kano.

To maganar amortisan baya, nan ne mutane ke ruɗuwa don yana da kyau a hoto. Keke mai amortisa biyu na gaske, irin wanda ke lotsawa milimita 120 zuwa 150, kuɗinshi ya kai na babur sabo ko ma ya wuce, kuma wanda ka nuna muna farashinshi kusan ɗaya da mai amortisa ɗaya, kai ma ka yi lissahi. Irin wannan mai arha, sifirin ne kawai aka naɗa a baya babu mai a ciki da zai tare shi, duk taka feda ɗaya sai ya lotsa ya taso, rabin ƙarhinka can yake tahiya, ga nauyi kamar ka ɗauko buhun gero. Ko na gasken ne ma, akwai gaɓoɓi da boris a jikin firam ɗin, ƙurar hunturu in ta shiga sai su fara ƙara da girgiza, kuma wa zai gyara maka? Masu gyaran kekenmu gwanaye ne a sarƙa da birki da ɗaurin waya, amma robobin cikin amortisa da manshi ba su da su. Kamfanin RockShox mai ƙera amortisa ma cewa ya yi a buɗe ƙasan amortisan gaba a wanke a sake mai duk bayan awa 50 na hawa. Ɗaya ma aiki ne, bare biyu.

Abin da zan ce ka matsa a kai shi ne na gaban ya zama mai iska, ba mai sifirin ba. Mai sifirin an yi shi ne don matsakaicin nauyi, in kai marar jiki ne ba zai motsa ba, in mai jiki ne ya nutse, ɗan murfin da ake murɗawa a sama kaɗan yake canzawa. Mai iska kuwa kai za ka daidaita shi da nauyinka. Mai lotsawa milimita 100 zuwa 120 ya ishe ka, kar wani ya ruɗe ka da 160. Ga yadda ake yi: akwai ƴar roba zagaye a jikin sandar mai sheƙi, in babu ɗaura zare, ka tura ta ƙasa, ka jingina da bango ka hau a hankali ka tsaya bisa feda da kayan da ka saba ɗauka har da gorar ruwa, sannan ka sauka ba tare da ka danna ba. Auna inda robar ta tsaya. Kamar kashi 20 cikin 100 na dukkan lotsawar ake so, wato in naka 120 ne ka nemi milimita 24. Ya wuce haka ƙara iska, bai kai ba rage. Kuma famfonshi daban ne, ɗan ƙarami mai agogon auna iska da ke kai psi 300, don Allah kar ka kai ma mai faci ya sa maka injin iskar mota. Ka sa famfon cikin ciniki tun farko.

Daga ƙasan ƙafar amortisan ta dama akwai wani ɗan maɓalli, galibi ja ne, shi ke saita saurin dawowa bayan ya lotsa. In ya yi sauri da yawa gaban keke zai riƙa harbinka, in ya yi sanyi da yawa a kan gargada ba ya samun dawowa kafin rami na gaba sai ya yi tauri. Fara daga tsakiya ka riƙa matsawa ɗaya ɗaya. Shuɗin na sama na kullewa ne, bisa kwalta ka kulle, ka shiga daji ka buɗe. In ka dawo gida ka goge sandunan da ƙyalle mai tsabta, kar ka shafa baƙin mai, ƙura yake kamawa, kuma kar ka bari yaran wankin mota su harba ruwa mai ƙarhi wajen robobin.

Gaskiya kuma a cikin yashi faɗin taya da yawan iska sun ma fi girman ƙafar tasiri. Nemi 2.25 zuwa 2.4, kuma ka daina cika ta tam, kamar 1,8 zuwa 2 a ma'aunin iska na "bar" ya isa in da tif a ciki, in ka rage fiye da haka ƙarfe zai cije tif ɗin a bakin rami. Wannan laushin tayar shi ne amortisanka na baya, kyauta. Ƙayar aduwa da tsidau kuwa ba ruwansu da 29 ko 27.5, maganinsu taya marar tif mai ruwan toshe huji a ciki, sai dai zahinmu na watan Afrilu yana busar da ruwan da wuri, sai ana ƙarawa. Na ga wani a nan ya ce a yi haɗin gambiza, 29 gaba 27.5 baya. Ana yi, kamfanoni na ƙera irinshi, amma in firam ba don haka aka yi shi ba feda za ta sauko ta riƙa dukan ƙasa, sannan ga neman taya iri biyu.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa, ka yi hattara da wasu masu sai da kekunan okaziyo. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah, amma akwai masu manna takardar babban kamfani a jikin amortisan banza. Buɗe murfin da ke saman ƙafar hagu, in mai iska ne za ka ga bakin hura iska irin na tayar mota, in babu to galibi sifirin ne ko mi ya rantse. Bi sandunan da farce, in ka ji kwarzane bar shi, zai yi ta cin roba yana yoyon mai. Sabon fenti wajen walda, musamman wuyan keke da ƙarƙashin sirdi, sau tari tsagewa aka rufe. Kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas ƙwas akwai sako-sako a ciki. Wani zai nuna maka 26 mai ƙatuwar taya ya ce 27.5 ce, wani ya ba ka taya 28 irin ta tsohon keken ƴan madara ya ce ai za ta shiga 29, alhali waccan 635 ce ba za ta zauna ba. Kai dai karanta lambar da idonka. Kuma in keke mai tsada ya zo da arhar da ta wuce hankali ka nemi takardar saye da lambar da ke ƙarƙashin firam, kar a wayi gari kana kwamisariya kana bayani.

In za ka je ganin mai 29 ɗin yi mini magana bayan la'asar, zan zo da famfona mu gwada ko amortisan yana riƙe iska kafin ka ba da ko dala.