Zaɓen Mazaunin Tsoho Bayan Ritaya: A Auna Haɗarin Wuta Kafin a Yanke Shawara

Iyalai da yawa a Tahoua da Yamai sukan tsaya kan shawara ɗaya idan mahaifi ya yi ritaya ko ƙarfinsa ya fara raguwa: a bar shi a gidan gado cikin gari, a gina masa wuri a bakin gari ko a ƙauye inda zai sami iska da natsuwa, ko kuwa, ga waɗanda ƴaƴansu suka zauna a Amurka ko Faransa, a kai shi gidan kula da tsofaffi na kuɗi. Akan lissafa tsada da kusancin asibiti, amma ba kasafai ake tambayar wanda zai ɗauki tsohon ya fitar da shi idan wuta ta tashi cikin dare ba. A ganina wannan tambayar ce ya kamata ta zo gaba da sauran.

Gidan kula da tsofaffi na ƙasar waje shi ne ya fi ɗaukar ido, saboda tsabta da likitoci da abinci a kan kari. Sai dai abin da ya faru a Santa Rosa ta jihar Kaliforniya a watan Oktoba na 2017 ya isa ya sa mutum ya yi hattara. Binciken hukumar jihar ya nuna cewa a daren da gobarar daji ta shiga garin, ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi na Villa Capri da Varenna, na kamfanin Oakmont, sun tafi sun bar tsofaffi a ciki: fiye da 20 a na farko, kimanin 80 a na biyu. Dangi da ma'aikatan ceto ne suka kwashe su, daga baya Villa Capri ya ƙone ƙurmus. Akwai babbar mota a ajiye, amma masu aikin dare ba su san inda makullinta yake ba, kuma ba a horar da su yadda ya kamata kan kwashe mutane ba. Da jama'a suka yi ca a kan kamfanin, da farko ya musanta zargin. Daga bisani ya sasanta da hukuma a 2018, a 2020 kuma ya amince ya biya dala 500,000. Shekara guda bayan gobarar Santa Rosa, wutar da ta cinye garin Paradise ta kashe mutum 85, akasarinsu tsofaffi.

Saboda haka, wanda zai biya kuɗin irin wannan gida ya nemi a faɗa masa ma'aikata nawa ne suke kwana, domin yawan na rana ba ya amfanar kowa da ƙarfe biyu na dare. Ya tambayi inda ake rataye makullan motoci, da yadda za a sauko da mai keken guragu daga bene idan lantarki ya ɗauke, da wurin da za a kai mutane. Sannan ya duba yadda masu gidan suka amsa suka a baya. Gidan da ya amsa laifinsa, ya nuna wa dangi rahoton masu bincike, ya bayyana gyaran da ya yi, ya fi cancantar amana a kan wanda ya tura lauya ya rufe bakin masu ƙorafi.

Gidan bakin gari ko na ƙauye shi ne dattawa da yawa suke so, kuma suna da hujja, domin ga garka, ga dabbobi, ga sararin shan iska. Amma duk wanda ya san arewacin jihar Tahoua, wajen Abalak da Cintabaraden da Tasara, ya san cewa damina mai albarka ita ce take barin ciyawar da wuta za ta ci daga watan Oktoba, iskar hunturu kuma tana kora ta da saurin da dattijo mai sanda ba zai tsere mata ba. Hanyoyin tare wuta da ake sharewa a daji domin makiyaya aka yi su, ba za su tsare kowane gida ba. Lambar wayar masu kashe gobara 18 ce, sai dai nisa da yashi sukan jinkirta motarsu. Idan an zaɓi wannan wurin, a share fili mai faɗi kewaye da katanga, a nisantar da harawa da karan hatsi daga ɗakin kwana, a sauya dangar zana da ta ƙasa, kuma a tabbatar akwai matashi mai abin hawa da yake kwana a gidan kullum. Mai gadin da yake tafiya gida bayan sallar isha'i ba ya cikin lissafi.

Gidan gado cikin gari ba shi da fargabar wutar daji sosai. Haɗarinsa tukunyar gas ce da tsofaffin wayoyin lantarki da lungun da mota ba ta shiga, da kuma ƙofar ƙarfe da ake garƙamewa da kwaɗo saboda tsoron ɓarayi. Duk da haka yana da abin da sauran biyun suke nema da kuɗi, wato hannuwa da yawa: ƴaƴa, jikoki da maƙwabta da suka san ɗakin da Baba yake kwana.

Ga tsohon da ba ya iya tashi da kansa, na fi karkata ga gidan gado, da sharaɗin a ba shi ɗakin da ya fi kusa da zaure, a kuma ajiye makulli inda kowa ya sani. Gidan bakin gari ya dace da wanda ƙafarsa take da sauran ƙarfi. Gidan kuɗi kuwa kada a sa hannu a takardarsa sai an karɓi amsoshin tambayoyin nan a rubuce, an kuma ziyarce shi da dare an ƙirga ma'aikatan da ido.