Gidan Tarihin Santiago: Ya Nuna Yadda Pinochet Ya Yi Mulki, Ya Taƙaita Kan Yadda Ya Hau

Gidan Tarihin Tunawa da Haƙƙin Ɗan Adam da ke kan titin Matucana a Santiago, babban birnin ƙasar Chile, an buɗe shi ne a watan Janairun 2010, kuma aikinsa guda ɗaya ne: ya ajiye shaidar abin da gwamnatin soja ta Janar Augusto Pinochet ta aikata daga ranar 11 ga Satumban 1973 zuwa watan Maris na 1990. Shugabar ƙasar da ta buɗe shi, Michelle Bachelet, ita kanta an taɓa tsare ta a gidan azabtarwa na Villa Grimaldi, mahaifinta kuwa, wanda janar ne na sojan sama, a kurkukun wannan gwamnati ya rasu a 1974. Shiga kyauta ce, kuma tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Quinta Normal tana nan dab da ƙofa. A ganina wuri ne da ya cancanci a ba shi rabin yini, sai dai wanda ya je domin ya fahimci yadda ɗan kama-karya ke kaiwa ga kujera zai fito da rabin amsa kawai.

Zauren farko na labarin ya tsaya ne kan ranar juyin mulkin da ya kifar da gwamnatin farar hula, wato 11 ga Satumban 1973, kuma an tsara shi da gwaninta. Allunan bidiyo suna nuna jiragen yaƙi suna ruwan bama-bamai a fadar shugaban ƙasa ta La Moneda, hayaƙi na fita ta tagoginta, sa'annan mai ziyara yana iya sauraron jawabin ƙarshe da Shugaba Salvador Allende ya yi ta gidan rediyon Magallanes, bayan sojoji sun riga sun rufe bakin sauran tashoshin da ke goyon bayansa. Muryar tana fita a natse, babu ihu a cikinta, ga ƙarar layi na katse ta. Wannan zaure kaɗai ya isa ya nuna matakan farko na masu ƙwace mulki, wato kame kafafen watsa labarai, kafa dokar hana fita, da mayar da babban filin wasan ƙwallo na ƙasa sansanin tsare dubban mutane, kafin a rushe majalisar dokoki cikin 'yan kwanaki.

Inda gidan ya fi ƙarfi shi ne bayanin yadda aka riƙe ƙasa da tsoro har shekara 17. An ajiye gadon ƙarfe marar katifa, irin wanda jami'an tsaro suke ɗaure mutum a kai su jona masa lantarki, a gefe kuma waɗanda suka tsira suna ba da labari da bakinsu a bidiyo. Akwai wasiƙun fursunoni, da ƙananan abubuwan da suka sassaƙa a tsare, da zanen yara, da tsummokaran da matan waɗanda aka ɓatar suka ɗinke suka mayar hotunan rayuwarsu. Daga wani baranda na gilashi da aka kewaye da fitilu masu kama da kyandir, mutum yana fuskantar katafaren bango cike da hotunan waɗanda aka kashe ko aka ɓatar, tsakaninsu da wasu guraben da aka bari fayau. Ba ƙirƙirar masu gidan ba ce wannan, domin sun dogara ne kan rahoton kwamitin Rettig na 1991 da na kwamitin Valech na 2004 da 2011, waɗanda suka tabbatar da kisa ko ɓacewar mutane fiye da 3,000, da kuma jimillar waɗanda aka zalunta fiye da 40,000.

Mai lura zai fahimci cewa azaba kaɗai ba ta riƙe mulki, sai an haɗa ta da ƙarya da kuma doka. Hukumar leƙen asiri ta DINA, ƙarƙashin Manuel Contreras, ta bi abokan hamayya har ƙetare, ta kashe Janar Carlos Prats a Buenos Aires a 1974 da tsohon minista Orlando Letelier a Washington a 1976. A 1975 jaridun ƙasar suka yaɗa cewa wasu mutum 119 da aka ɓatar sun karkashe junansu ne a ƙasashen waje, alhali a hannun hukuma suka salwanta. A 1978 gwamnati ta yi wa kanta dokar afuwa, a 1980 kuma ta kawo sabon tsarin mulki ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama da aka yi babu rajistar masu zaɓe, tun da sojoji sun riga sun lalata tsohuwar. Da so samu ne, da an ware wuri na musamman ga yadda Pinochet ya danne abokan tafiyarsa, domin hafsoshi huɗu ne suka kafa majalisar mulkin soja, amma kafin ƙarshen 1974 ya naɗa kansa shugaban ƙasa, a 1978 kuma ya tsige Janar Gustavo Leigh na sojan sama da ya fara ɗaga masa murya.

Babban giɓin yana can baya. Labarin ya soma ne da safiyar juyin mulki kamar daga sama ya faɗo, alhali an shafe shekara uku ana share masa hanya. Allende ya ci zaɓen 1970 da kimanin kashi 36 cikin 100, majalisa ce ta tabbatar da shi, kuma tun kafin a rantsar da shi aka harbe babban hafsan soja René Schneider, wanda ya dage cewa aikin soja biyayya ne ga tsarin mulki. Sai yajin aikin masu manyan motoci na Oktoban 1972, da tsadar kaya da dogayen layukan sayen abinci, da kuɗin da hukumar CIA ta Amurka ta zuba domin raunana gwamnatin, abin da kwamitin majalisar dattawan Amurka ya tona a 1975. A ranar 22 ga Agustan 1973 majalisar wakilai ta zargi gwamnati da karya tsarin mulki, washegari Janar Prats, babban hafsan soja na lokacin, ya ajiye aiki, Allende da hannunsa ya ɗora Pinochet a kan rundunar soja saboda yana ganin mutum ne mai biyayya. Ba a cika mako uku ba ya juya masa baya.

Wannan giɓi ya daɗe yana jawo ce-ce-ku-ce a Chile. A watan Agustan 2018 ministan al'adu Mauricio Rojas ya sauka bayan 'yan kwanaki kacal a ofis, saboda an tono tsofaffin kalamansa da ke kwatanta gidan da shiri na yaudara. Masu kare gidan suna cewa da zarar an fara lissafa laifuffukan gwamnatin Allende, wasu za su mayar da su hujjar azabtarwa, kuma wannan magana tana da nauyi. Duk da haka ban gamsu da ita gaba ɗaya ba, domin bayyana yadda 'yan siyasa, 'yan kasuwa da ƙasar waje suka yi wa soja shimfiɗa ba wanke kowa ba ne, kuma baƙon da bai san tarihin ƙasar ba shi ne ya fi cutuwa da rashinsa.

Ɓangaren ƙarshe ya ƙunshi aikin ofishin Cocin Katolika da ya riƙa tattara sunayen waɗanda aka kama tun 1976, da ƙuri'ar 5 ga Oktoban 1988 da kusan kashi 56 cikin 100 suka ƙi amincewa Pinochet ya zarce. Ya miƙa mulki ga Patricio Aylwin a 1990, amma ya ci gaba da riƙe rundunar soja har 1998, ya kuma mutu a 2006 ba tare da kotu ta yanke masa hukunci ba.

Mafi yawan rubuce-rubucen bango da takardun da Sifaniyanci suke, saboda haka wanda ba ya jin harshen ya nemi na'urar saurare mai bayani da Ingilishi tun daga ƙofa. Ba a buɗewa ranar Litinin. Sashen azabtarwa bai dace da ƙananan yara ba, kuma ya kamata baƙo ya karanta tarihin shekarun 1970 zuwa 1973 kafin ya je.