Sharhi kan LDIFDE bayan kwaso asusun ma'aikata daga Ƙaura Namoda zuwa Gusau

Duk mai kula da Active Directory (tsarin Microsoft da ke riƙe asusun ma'aikata da izininsu) a ofis mai domen biyu, wato rukunin kwamfutoci biyu kowanne da nasa asusun, ina ba shi shawara ya san LDIFDE tun kafin ranar buƙata. Ba saya ake yi ba, yana cikin Windows Server. Aikinsa shi ne ya fitar da asusun ma'aikata da rukunoni da sassan ofis zuwa fayil na rubutu, ya kuma shigar da su wani domen. Da shi na yi aiki lokacin da muka tashi haɗe reshenmu na Ƙaura Namoda da babban ofis a Gusau, kuma na gamsu, sai dai ba ya lallashin kowa.

Da farko fitarwar ma ƙi ta yi, kuma ba laifinsa ba ne. Ɗan batirin da ke riƙe agogon sabar reshe (babbar kwamfutar da ke riƙe asusun) ya mutu, don haka duk sanda aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto agogon ya rikice. Kerberos kuwa, tsarin da ke tantance mai shiga, a saitinsa na asali ba ya karɓar bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin na'urori biyu. Muka canja batiri, muka daidaita lokaci da w32tm /resync, muka saita DNS na Gusau, mai fassara suna zuwa adireshin na'ura, ya riƙa tura tambayar sunan wancan domen zuwa sabarsa, aka buɗe ƙofa ta 389 a katangar tsaro. Da na nuna wa LDIFDE sabar ta hanyar ƙara -s a umarninsa, na ba shi asusu mai izini a can da -b, nan take fayil ya fito. Kada ƙofa ta 3268 ta ruɗe ka. Tana amsawa, amma wani ɓangare na bayanan kowane asusu kawai take bayarwa.

Wurin shigarwa ne ya fi cin rai. Ya tsaya cak da saƙon "Unwilling To Perform", saboda fayil ɗin na ɗauke da objectSid da objectGUID, lambobin shaidar kowane asusu, waɗanda sabuwar saba ita ke ƙirƙira da kanta, ba ta karɓa daga hannun kowa. Maganin shi ne tun wurin fitarwa ka lissafa da -l abin da kake so kaɗai, kada ka saka memberOf (jerin rukunonin da mutum yake ciki), sannan wurin shigarwa ka canja sunan tsohon domen da -c, ka shigar da sassan ofis kafin mutanen cikinsu. Kalmar sirri ba ta fita ko kaɗan, abin da na yaba ƙwarai. Mu sai muka shigar da asusun a rufe, wato userAccountControl ya zama 514, daga baya aka ba kowa sabuwa.

Akwai abin da ya shafe mu Hausawa musamman. Duk layin da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ, har da sunan sashen Ƙaura Namoda kansa, sai ya fito da "::" (kamar "dn::") da jerin haruffa kamar tafiyar tururuwa. Ba lalacewa ya yi ba, base64 ne, wata hanyar rubuta bayanai da haruffan Turanci da lambobi, amma in ka nemi sunan a Notepad ba za ka same shi ba. Da na ƙara -u aka fitar da fayil a Unicode, sunayen mutanenmu suka fito da ƙugiyoyinsu yadda iyayensu suka raɗa musu.

Abin da nake tsoro wa sabon hannu shi ne -k. Yana tsallake wasu kurakurai ya ci gaba, ka ɗauka komai ya shiga, sai ranar Litinin mai kula da albashi ta kasa buɗe kwamfuta. In za ka yi amfani da shi, haɗa da -j don ya ajiye rahoton aikin, ka karanta ldif.log da ldif.err layi-layi.

Wanda yake so ma'aikata su ƙaura da tsohuwar kalmar sirrinsu da izininsu na tsofaffin fayiloli, ADMT, manhajar Microsoft ta ƙaurar asusu tsakanin domen, zai nema, LDIFDE ba ya wannan aikin.